Kobo ko Naira: Kalmar da Ban Rubuta wa Wakilina Ba

Har yanzu idan na tuna da yammacin ranar Alhamis ɗin nan sai gabana ya faɗi, domin abin da ya jawo asarar bai wuce kalma ɗaya da na bari ban rubuta ba. Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ne ya ba ni aikin haɗa masa wakili na ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhaja mai aiwatar da ayyuka da kanta, wanda zai riƙa bin odar da ake yi ta intanet, ya kuma biya masu kai kaya haƙƙinsu a ƙarshen yini. Na haɗa wakilin da kayan aiki guda shida ta hanyar MCP, ƙa'idar haɗa irin wannan wakili da ƙananan manhajojin da yake kira su yi masa aiki, da kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, wadda a cikinta kowane kayan aiki yake da suna, da taƙaitaccen bayani, da tsarin guraben da za a cike a rubuce da JSON Schema, wato salon rubutu da ke fayyace irin abin da kowane gurbi zai karɓa. Biyar daga cikinsu ba su taɓa jawo mini asara ba.

Na shidan, wato na biyan kuɗi, shi ne ya kunyata ni. Duk wanda ya yi aiki da hanyoyin biyan kuɗi na intanet ya san da yawansu da kobo suke lissafi, ba da naira ba. Kayan aikin da ke duba abin da mai kai kaya yake bi yana dawo da adadin a kobo, kamar yadda ya karɓo shi. Shi kuwa na biyan, saboda ina son sauƙaƙa wa kaina, na tsara shi ya karɓi naira, sannan ya ninka sau ɗari da kansa kafin ya tura. A bayaninsa cewa kawai na yi yana biyan mai kai kaya adadin da aka ba shi, gurbin kuma na sa masa suna "amount", wato adadi, na ce lamba ce, na wuce. Wakilin ya duba ya ga 350000, wanda yake nufin naira 3,500, ya ɗauki lambar yadda take ya zuba a gurbin. Naira 350,000 ta faɗa asusun wani yaro mai kai kaya.

Bayan sallar magariba Alhaji ya kira ni, ya ce, "Malam, wannan na'urar taka sadaka muka ce ta raba?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, zan duba yanzu." Da na buɗe tarihin aikin ina shirin ɗora wa wakilin laifi, sai na tarar bai saɓa ko harafi ɗaya na abin da na rubuta masa ba. Yaron ya dawo da kuɗin kaɗan-kaɗan cikin mako uku, ragowar da ya riga ya taɓa kuma daga ladan aikina aka cike.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na karanta wannan bayanin ya fi sau goma kafin mu fara aiki, kuma kowane karo sai in ga ya yi daidai. Ni na rubuta manhajar, don haka idona yana cike giɓin da kansa. Wakilin kuwa bai ga rubutun manhajata ba, bai zauna a shagon Alhaji ba, kalmomin da ke cikin bayanin nan su kaɗai ne abin da ya dogara da su.

Daga nan na daina auna ingancin bayani ta hanyar karanta shi da kaina. Na buga bayanan shida a takarda na ba ƙanwata, wadda ba ta san komai a harkar manhaja ba, na ce ta biya mai kai kaya a rubuce. Tambayarta ta farko ita ce, "Yaya, wannan kuɗin naira ne ko mene ne?" Cikin minti ɗaya ta gano abin da ya sha mini kai mako biyu. Sannan na tsara ayyukan gwaji guda talatin daga odar gaske ta baya, na sa wakilin ya yi su a asusun gwaji, na zauna ina bin kowane kira da ya yi da lambar da ya saka, maimakon in tsaya ga amsarsa ta ƙarshe, wadda kullum take fitowa da ladabi kamar komai lafiya. A nan ne na ga yana rikita kayan aiki biyu masu suna kusan iri ɗaya, kuma idan aka samu matsala saƙon da nake mayar masa lamba ce tsura wadda ba ta gaya masa abin da zai gyara.

Yanzu duk kayan aikin kobo suke karɓa, kobo suke dawowa da shi, sunan gurbin ya koma "amount_kobo", kuma bayanin yana ɗauke da misali ƙarara cewa naira 3,500 ita ce 350000. Na kuma sa iyaka a cikin manhajar kanta, ta yadda duk biyan da ya haura naira 20,000 sai Alhaji ya amince a wayarsa. Wata huɗu ke nan ba a sake samun kuskure ba, amma har yau idan na shiga shagon sai ya ɗaga kai ya tambaye ni, "Malam, yau kobo ne ko naira?"