Ranar awon gareji

Yau dai birkila ya cika alkawari. Da hantsi sai ga shi da yaronsa, ɗauke da tef ɗin awo da lebur da wani siririn tiyo mai ruwa a ciki da yake gwada daidaiton ƙasa da shi. Na ji daɗi sosai, don tun da muka kwashe tarkacen garejin nake ɗokin a fara mayar da shi ɗakin kwanan Inna. Auta ta maƙale masa, ita ce mai riƙe bakin tef, tana faɗin lambobin da ƙarfi.

Faɗin garejin mita 3, tsawonsa mita 6. Yanzu da babu mota, babu tsofaffin tayoyin Abbansu da gwangwanayen fentin da suka bushe, sai na ga ashe wuri ne sosai. Gado zai shiga, kujera za ta shiga, har a yanki banɗaki a ƙuryar baya inda ya fi kusa da bututun gida. Ina tsaye ina ta tsara labule a raina.

Jiya da yamma ya ce mana ta waya mu yanki leda kamar santimita 45 ta kowane gefe, mu liƙe ta da salatif a kan simintin ƙasa, mu bar ta ta kwana. Yau ya ɗaga, sai ga wurin ya yi duhu, ledar kuma da raɓa a cikinta. Ya ce bai yi mamaki ba, yawancin ƙasan gareji haka ake zuba shi babu leda a ƙarƙashi, tunda mota ba ruwanta da danshi. Amma ɗakin kwana dabam ne: idan ba a shimfiɗa leda mai kauri kafin sabon daɓe ba, katifa za ta yi ta warin laima, fentin gindin bango kuma ya yi ta kumbura yana ɓarewa. Tabon baƙin man nan na tsakiya ma sai an kankare shi sosai, don siminti ba ya kama wurin da mai ya jiƙa.

Babbar ƙofar za a cire. Lintar da ke samanta ya ce ba mai taɓa ta, ita ke riƙe da nauyin sama. Bangon da zai toshe bakin kuwa sai an haƙa masa harsashinsa, saboda kankaren ƙasan bai wuce santimita 10 ba, idan aka ɗora masa bulo haka kawai wata rana zai tsage. Taga ɗaya a sabon bangon, wata a bangon baya, don iska ta samu hanyar shiga da fita. Sai silin, da abin tare zafi a samansa. Duk wannan ba wanda ya ce uffan, ni da Abbansu gyaɗa kai kawai muke.

Da aka zo kan ƙasan ne magana ta canza.

Daga ƙaramar ƙofar da ta haɗa garejin da falo, ƙasan garejin ya fi na gida zurfi da santimita 15. Daga nan kuma ya yi gangara zuwa bakin babbar ƙofa, ya ƙara sauka da 8. Birkila ya ce da gangan ake yin haka, don ruwan wankin mota ko man da ya zube ya bi waje, kada ya nufo cikin gida. Ya ce hanya biyu ce. Ko dai a daidaita gangarar kawai a bar mataki ɗaya a bakin ƙofa, ko kuma a cike duka har ya zo daidai da falo. Ta biyun ta fi cin yashi da siminti da lokaci, kuma silin zai ɗan matso ƙasa, ko da yake ya auna ya ce tsayin zai isa. Sannan ya dubi ƙaramar ƙofar ya ce, "Hajiya, wannan fa 75 ce. In dai ana tunanin keken marasa lafiya, gara a mayar da ita 90, amma sai an fasa an yi sabuwar linta."

Ban ma tsaya tunani ba na ce a cike, ƙofar ma a faɗaɗa. Sai Abbansu ya ce, "Haba dai, mataki ɗaya ne fa. Kuma ai Inna ba daɗewa za ta yi ba."

Wurin ya yi tsit. Birkila ya sunkuya yana naɗe tef ɗinsa a hankali, yaronsa ya fita wai zai duba kwata. Ni kuwa wani abu ne ya tokare min wuya, na kasa cewa komai. Shi bai ma lura ba, ya ci gaba da tambayar inda za a sa soket.

Na san abin da yake nufi. Nufinsa za ta zo ne saboda gwiwar nan, a gama zirga-zirgar asibiti, ta ji ƙwari, ta koma gidanta. Haka muke faɗa wa kowa. Haka Yaya take faɗa, haka ita kanta Innar take faɗa duk lokacin da aka tayar da zancen. Kuma mutumin nan shi ya fara kawo shawarar a ba ta garejin tunda ba za ta iya hawan bene ba, motarsa da yake ji da ita tana can waje tana shan rana da kashin tsuntsaye bai taɓa ƙorafi ba. Ba ni da abin da zan riƙe shi da shi. Duk da haka maganar ta ƙi barin kunnena, tun hantsi har yanzu da nake rubutun nan.

Don ni ce nake riƙe ta idan za ta tashi daga kujera, na san nauyin da take sakar min a hannu ya ƙaru. Ni ce na ga yadda take tsayawa a gaban dokin ƙofar gidanta, wanda bai kai rabin wannan matakin ba, tana lissafin ƙafar da za ta fara ɗagawa. Santimita 15 ba komai ba ne ga Auta, tsalle take yi ta wuce. Ga mai dogara sanda, cikin dare, ido ba ya gani sosai, wani abu ne dabam. Tsofaffi kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta karya ƙugu, daga nan sai kwanciya.

Na tambayi birkila ko za a iya barin matakin a yi masa 'yar gangara daga baya idan buƙata ta taso. Ya ce za a iya, amma gangarar da keke zai hau lafiya, kowane santimita 1 na tsayi yana son 12 na tsawo. Wato matakin nan zai ci santimita 180 na cikin ɗakin, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. To ina gadon zai zauna? Banɗakin ma haka. Idan na mai tafiya da ƙafarsa ne, ɗan ƙarami ya isa. Idan kuwa keke zai shiga ya juya, sai an bar fili kamar santimita 150, a sa tayil marar santsi, a kafa ƙarfen kamawa a bango mai ƙwari. Bututun masai kuma tun yanzu ake binne shi da gangararsa kafin a zuba daɓe, ba abin da za a ce bari a gani tukuna ba ne. Komai ya tambaya, a ƙarshe tambaya ɗaya yake yi mana ba tare da ya sani ba: zuwa za ta yi ta koma, ko zama za ta yi? Mu kuma a gidan nan ba wanda ya yarda ya furta amsar. Ni ma da nake ta cewa a cike, a faɗaɗa, ban iya buɗe baki na faɗi dalilina ba. Cewa na yi wai zai fi kyau a ido.

Da rana na kira ta. Ta ce, "Ke, kar ku wahalar da yaron nan da kashe kuɗi. Wurin gado da wurin akwatina ɗaya ya ishe ni, sauran kaya ai suna gida." Na ce to, Inna. Sai ta tambaya ko tagar za ta kalli wajen bishiyar nan, na ce eh, ta bayan. Ta ce madalla. Daga nan ta koma labarin maƙwabciyarta da ban san ta ba, na yi ta cewa uhm.

Yaya kuwa da na ba ta labari dariya ta yi, ta ce na cika ɗaukar magana da nisa, maza haka bakinsu yake. Wataƙila. Amma ita ma da na tambaye ta kai tsaye ko tana ganin Inna za ta sake zama ita kaɗai, sai ta ce layin ba shi da kyau, za ta kira anjima. Ba ta kira ba.

Sauran ranar ba wani abu. Mai aikin wuta bai zo ba. Takardar izinin gini har yanzu ba ta fito ba, kuma birkila ya ce ba zai taɓa bangon gaba ba sai ya gan ta, tunda fuskar gidan za ta canza. Na ji haushi, amma gaskiyarsa. Babban yaron ya dawo daga makaranta yana tambaya wai idan Inna ta tafi shi za a ba ɗakin? Na kore shi ya je ya cire kayan makaranta. Kartanin takardun Abbansu na nan a falo, duk wanda ya wuce sai ya yi tuntuɓe da shi.

Ɗazu bayan yara sun kwanta ya same ni a kicin, ya tsaya yana latsa waya, ya ce, "Ki gaya wa mutumin nan ya cike ƙasan kawai, na duba lissafin za mu iya." Na ce ƙofar fa? Ya ce ƙofar a bar ta tukuna, ai fasa bango kullum ana iya yi. Ban ja ba. Bai tayar da maganar ɗazu ba, ni ma ban tayar ba, ban ma sani ba ko ya gane abin da ya fito daga bakinsa ko kuwa fuskata kawai ya karanta.

Amma fasa bango bayan an yi filasta da fenti an sa tayil, mutum na kwance a ɗakin, ƙura na tashi a kansa, wannan ba dabara ba ce. Jibi birkila zai dawo da lissafin kayan aiki. Na riga na tura masa saƙo ya rubuto biyu, ɗaya da ƙofa 75, ɗaya da 90, ya miƙa wa Abbansu da hannunsa.