Baiti huɗu da suka juya baya

Ranar Alhamis na miƙa makullin ofis, bayan shekara uku ina rubuta direban ma'ajiya, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da faifan ajiyar bayanai, a wani ƙaramin kamfani da ke wajen titin Gidan Zoo. An yi sallama lafiya, amma akwai abin da har yau yake ci mini rai.

Duk wanda ya taɓa aikin nan ya san baiti 8 ɗin da ake liƙa wa kowace sekta (ɗan yankin faifai) mai baiti 512 (baiti shi ne ƙaramin ma'aunin bayanai) don a gane in bayanai sun lalace: biyu na CRC (lambar tantancewa da ake lissafawa daga bayanan), biyu na manhaja, huɗun ƙarshe su riƙe lambar sektar. Ƙa'idar T10, wadda ta tsara baiti 8 ɗin nan, ta ce in lamba ta ci baiti fiye da ɗaya, babban baiti ne a gaba. Injinmu na Intel kuwa ƙaramin yake sakawa a gaba. Wallahi na san wannan sarai. Umarnin NVMe, wato tsarin da kwamfuta ke magana da faifai, shi ne ya ruɗe ni, domin shi ƙarami ne a gaba, hannuna ya saba da shi, sai na zuba lambar sekta kai tsaye ban bi da ita ta cpu_to_be32 ba, wanda shi ne ke juya baitin har babba ya koma gaba. CRC ɗin ma ya tsira ne kawai don daga tsohon aiki na kwafo shi.

Gwaji bai kama ni ba, kuma nan ne ciwon yake. A gurbin manhaja na bar 0xFFFF, wato na ce wa faifai kada ya duba komai. Da na cire shi sau ɗaya, sekta ta 0 na gwada. Sifili ko ta gaba ka karanta ko ta baya, sifili ne. Na tashi da murna na tafi sallar la'asar.

Ranar nuna wa mai aikin, an ɗauke wuta, janareta na ta ƙugi a bayan taga, muka kunna cikakken tsaro. Sekta ta 1 ta isa wurin faifai a matsayin 16,777,216. Ya ƙi karɓa. Ta 2 ma haka. Kuskure ya cika allo, Alhaji ya cire tabarau yana kallona. Oga bai ko juyo ba ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron ne, bai gama gogewa ba." Ni da ’ya’ya biyu a gida. Kuma shi ɗin nan sau biyu ina roƙonsa ya ba ni yini ɗaya mu bi aikin da Sparse, manhajar da ke zaƙulo irin wannan kuskure, yana cewa, "Malam, babu lokaci."

Laifin nawa ne, ban musa ba. A daren na gyara, layi ɗaya tak. Sannan na yi wa kowane gurbi alamar __be16 ko __be32, wato babban baiti ne a gaba, na kunna Sparse da umarnin make C=1. Sparse ya tono wasu wurare biyu masu irin wannan cuta, duka a ɓangaren da oga ya rubuta da hannunsa. Na gyara su, ban faɗa wa kowa ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba.

Sauran abubuwan da na koya ba su da yawa: a juya baiti a wuri ɗaya, a bakin shiga da fita, kuma kada a yarda da gwajin da aka kashe masa tsaro. Ƙanin da ya gaje ni ya tambaya, "Yaya, me ya sa duk gwajinka da sekta 0x01020304 yake farawa?" Na ce ya juya lambar a takarda ya gani, na ɗauki jakata.