Zariya da masu zanenta

Tarihin zane a Zariya bai fara daga makarantar boko ba, domin tun a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a da tubali da azara, ya kuma ƙawata bakunan da ke riƙe da rufinsa da zanen da har yau ake zuwa kallo. Magina da suka biyo bayansa sun riƙa yi wa fuskar zaure ado da dagi, daga baya har da siffar keke da agogo, lokacin da 'yan kasuwa suka yi kuɗi suna son a gani a ƙofar gida.

A shekarar 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane, suka ce dole a haɗa fasahar gida da ta Turai. Sunansu ya zagaya duniya, kuma sun cancanci haka.

Abin da ke damuna shi ne, gari yana faɗaɗa, ana rushe gidajen ƙasa ana maye gurbinsu da bulo, alhali galibin maginan da suka zana su ba a rubuta ko sunayensu ba.