Waƙata a bakin wasu

Allah bai ba ni murya ba, alƙalami ya ba ni, shi ya sa duk waƙoƙin da na rubuta a bakin wasu aka ji su.

Ta farko da na sayar, a wani sitidiyo da ke Titin Gidan Zoo a Kano aka ɗauke ta. Baiti huɗu ne da amshi. Mai kiɗa ya taɓa fiyano, mawaƙiyar ta kama, a ɗango na uku, wato layi na uku na baitin, numfashinta ya yanke. Ta sake, ya sake yankewa. Ta juyo ta ce, "Malam, ba ka bar mini wurin shan iska ba." Raina bai so ba, don ɗangon nan na fi ƙauna, amma na soke kalmomi biyu, sai ga shi ya zauna daram. Da aka zo amshi kuma ta ja muryar "gari" a gaɓar farko, garin masoyi ya koma garin tuwo. Dole muka sauya wa kalmar mazauni. Tun daga ranar ba na miƙa waƙa sai na rera ta a ɗaki, ina lura da inda wasali zai miƙe da inda mai rerawa zai huta.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya ya zo. Furodusan fim ɗin da ya sayi waƙar ya ƙirga mini kuɗi a hannu, ba takarda, ba shaida. Fim ya fito, waƙar ta karɓu, 'yan dawunlodin suna ta tura wa mutane a waya. Wata rana a cikin adaidaita sahu na ji direba yana bin amshin, ya ce ai waƙar jarumin fim ɗin ce. Jarumin da bakinsa kawai ya motsa! Na duba sunayen ƙarshen fim, babu nawa.

Sai daga baya wani lauya ya nuna mini cewa a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, har da sabuwar ta 2022, ba a sallama haƙƙin waƙa sai a rubuce. Yanzu kafin in shiga sitidiyo nakan naɗi waƙar a wayata, in tafi da takarda mai sharaɗi biyu: sunana ya fito a fim da YouTube, kuma in za a yi amfani da ita a wani wuri, a sake zama da ni. Furodusoshi biyu sun ƙi sa hannu, na dawo da littafina gida.