Carbin Yaya a Kan Gadar Legas

Wata huɗu da rasuwar Yaya na shiga gudun famfalaƙi na Legas. Ita ce ta riƙe ni bayan rasuwar Inna. Kansar mama ta ɗauke Yaya bayan shekara biyu muna zirga-zirgar asibiti.

Mun tashi daga filin wasa na Surulere da sassafe, a watan Fabrairu. Kilomita 42 ne har zuwa Eko Atlantic. Ni da na yi atisaye a sanyin hunturun Kano, kafin rana ta ɗaga zufa ta riga ta jiƙa min riga sharkaf.

A aljihun wandona akwai carbinta, baƙi, wanda zarensa ya tsinke ta ɗaure da kanta. Da shi take zama duk ranar da za a ɗaura mata ruwan magani, tana ja da yatsun da suka rame.

A kan gadar Third Mainland abin ya same ni. Gadar ta kusa kilomita 12, babu inuwa, babu 'yan kallo sosai, ruwa ne hagu da dama. Can ƙasa na hango wata mata a kwalekwale ta ɗaura kallabi irin ɗaurin da Yaya ta koma yi bayan gashinta ya zube. Ƙafafuna suka ƙi. Na dafa ƙarfen gada ina kuka, wallahi kamar ranar jana'iza.

Wani dattijo Bayarabe ya tsaya, ya miƙo min ruwansa, bai ce komai ba. Muka ci gaba tare, ina jan carbin ina cewa, Allah Ya jiƙanki, Yaya.