Ga ƙannena masu karatun aikin gona: kada ku yanke wa tsutsa hukunci da ido

A daminar 2016 ina malamin gona a yankin Saminaka, manoma suka kai ni gonakin masara da tsutsa ta farfasa ganyensu, ni kuwa ban yi wata-wata ba na ce tsutsar kara ce da muka saba da ita, na faɗa musu maganin da za su fesa. Sun kashe kuɗi, ɓarna kuma ba ta tsaya ba. Ashe baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, wadda masana ke kira Spodoptera frugiperda, kuma a farkon shekarar ne aka fara ganinta a Afirka, masu binciken IITA, cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken noma a ƙasashe masu zafi, suka tabbatar da ita ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta.

Idan ta girma tana da alama a kai mai kama da harafin Y a kife, da ɗigo huɗu kusa da wutsiya, amma tana ƙarama ido ba ya rabe ta da danginta. Gwajin kuwa wani ɗan yanki mai suna COI yake karantawa a jikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, mai haruffa kusan 650, a gwada shi da na ƙwarin da aka riga aka tantance, hanyar da Paul Hebert na Kanada ya gabatar a 2003.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni kunya. Da na yi niyyar kai samfuri a duba, sai na zuba tsutsotsin gonaki uku cikin kwalba guda, na tsiyaya musu fomalin, ruwan da ake adana gawa da shi don kada ta ruɓe, alhali fomalin lalata DNA yake yi, sannan na rubuta sunan ƙauyen da biro, ruwan ya taɓa takardar ya wanke rubutun. Ma'aikacin ɗakin gwajin ya dubi kwalbar ya ce, "Malam, wannan ai sai zubarwa."

Saboda haka ku sa kowace tsutsa a kwalbarta, cikin itanol, wato sifirit, mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari, ku rubuta wuri da rana da irin amfanin gonar da fensir, ku ɗauki hotonta tun tana da rai domin launinta yana gushewa, ku ajiye kwalbar inda ke da sanyi. Kafin ma ku fita gona, ku leƙa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ku tambayi masana ƙwari yadda suke son a kawo musu samfurin.