Mayar da murya bakin mai ita

Sana'ata ɗora murya ce. Na daɗe a wani ƙaramin situdiyo kusa da Titin Zoo a Kano ina zaunar da samari da 'yan mata gaban makirufo domin su sa wa jaruman Indiya Hausa a baki, kuma a irin wannan aiki babu mai matsa wa kansa sai leɓe ya dace da kalma, tun da mai kallo ya san wanda yake gani bai taɓa jin Hausa ba. Aikin da wata ƙungiyar makaɗan jita daga Agadas ta kawo mini ya sha bamban, domin su ne suka fito a fim ɗin, labarin nasu ne, kuma maganar da suka riga suka yi a gaban kyamara ita ake so su sake yi ta zauna daram a bakinsu.

Zuwansu Kano bai ba ni mamaki ba. Kiɗan jitar Abzinawa, wanda Turawa suke lissafawa a sahun rok, ya fita duniya tun kafin ƙungiyar Tinariwen ta ci kyautar Grammy a 2012, amma masu yin sa ba su daina gangarowa kudu neman situdiyo ba. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, kuma a 2015 ya fito a fim ɗin da aka ɗauka a Agadas da Tamashek, harshen Abzinawa. Waɗannan baƙin nawa sun bi sawunsa, suka ɗauki nasu fim da 'yan kuɗin da suka tara a wuraren biki, sai dai sun yi ɗaukar a tsakiyar hunturu. Da na saurari abin da daraktan ya kawo, na tarar iska tana dukan makirufo a kusan duk fitowar da aka yi a waje, janareta yana ruri a bayan duk wata hira ta wurin biki, babura kuwa ba a magana. Fiye da rabin maganganun ba su gyaruwa da kwamfuta, domin duk manhajar da za ta cire ƙarar janareta sai ta kwashe kaurin muryar mutum tare da ita.

Babu rubutaccen labari, don yawancin hirar da ka suka yi ta. Sai da muka zauna muka rubuta kowace jimla kamar yadda ta fito, har da in'ina da tari da kalmar da aka fara aka fasa, muka ba kowacce lamba da daidai lokacin da take farawa a hoto. Fitowar da aka yi da Tamashek kuwa, dole mai jitar bas ya zauna kusa da ni ya zama kunnena. Tsarin ɗaukar sananne ne: mai magana yana kallon kansa a allo, yana jin ƙara uku a kunne masu tazara ɗaya, sai ya fara a gurbin da ta huɗu za ta faɗo. An ɗauki fim ɗin a kan hoto 25 a daƙiƙa, wato kowane hoto kashi 40 ne cikin dubu na daƙiƙa, kuma ma'aunin da masu talabijin suke amfani da shi ya nuna mai kallo yana fara lura idan murya ta riga hoto da kimanin kashi 45, alhali yana yafe mata jinkiri har kusan 125. Dalilin a bayyane yake, mun saba ganin mai faskare daga nesa ya sauke gatari kafin ƙarar ta iso, amma ba mu taɓa jin ƙara ta riga sara ba. Abin da ido yake kamawa shi ne inda leɓe ya haɗu, wato wurin b da ɓ da m, saboda haka a kansu nake daidaita jimla, sauran su bi.

Ta fuskar lokaci ban taɓa aiki da mutane masu sauƙi kamarsu ba. Mai gangar ba ya ma kallon allo. Yakan saurari tsohuwar jimlar, ya buga ta da yatsu a cinya kamar yana koyon sabon kiɗa, sa'an nan ya faɗe ta ta faɗa gurbinta ba ƙari ba ragi. Amma wannan baiwar ita ce ta zame mana matsala mafi girma. Makaɗi idan ya ga makirufo da hedifon, jikinsa yana gaya masa waƙa za a yi, sai ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji da iska, ya fitar da kowace gaɓa tas. Jimlar takan dace da leɓe sarai, amma duk wanda ya ji ya san ƙarya ce, domin mutumin da ke allo yana tsugune yana ɗaure lasifika a bayan mota, wanda ke magana kuwa yana tsaye cikin sanyin na'ura. Na ce wa jagoransu, "Malam, muryar nan ta yi kyau da yawa, a rage mata." Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, shekara da shekaru ana ce mini in gyara murya, yau kai ne na farko da ya ce in ɓata."

Ɓatawar kuwa aiki ce mai ƙa'ida. Tun 1911 wani likita Bafaranshe mai suna Étienne Lombard ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan hayaniya ta kewaye shi, kuma ba ƙarfin ne kawai yake ƙaruwa ba, har kaifin muryar da tsawon wasula suna sauyawa. Wannan ba abu ba ne da ake samu ta hanyar murɗa maɓalli daga baya. Don haka na riƙa sa musu ƙarar janaretan nan a hedifon da ƙarfi, sai ga shi suna ɗaga murya irin ta wurin biki ba tare da an ce musu komai ba. Wanda yake tsugune a hoto na sa shi ya tsuguna, wanda yake ɗauke da kaya na ɗora masa akwatin jita. Na ajiye babban makirufon waƙa gefe, na ɗauko dogon nan da ake ratayawa a sanda wurin ɗaukar fim, na ja shi nesa da baki gwargwadon nisan da hoton ya nuna.

Rawani ya taimake mu ta wani gefe ya kuma kama mu ta wani. A fitowar da amawali ya rufe baki babu leɓen da za a bi, har daraktan ya samu damar sauya wasu kalmomi. Sai dai a situdiyo sun kwance rawunansu, muryar ta fito fes alhali a hoto ta cikin ƙyalle take bi. Da suka naɗa, suka ja amawalin har kan hanci, nan take kaifin s da sh ya dushe, numfashi ya riƙa gogar yadin, muryar ta koma ta mutumin da muke gani. Haka nan na lura zaman Kano ya fara shiga bakinsu, suna karkata zuwa Kananci suna zubar da kalmomin Faransancin da suka saba sakawa, sai da aka yi ta mayar da su ga Hausarsu ta Agadas.

Bayan an gama ɗauka, muryoyin suna nan a bushe, ba su da wuri. Na bi dabarar da aka san Walter Murch, gwanin haɗa sautin fim, da ita a Amurka tun shekarun 1970: na kai lasifika wani tsohon zaure na ƙasa a cikin birni, na saki hirar, na sake naɗarta daga nesa, domin bangon laka yana mayar da sauti da laushin da siminti ba ya yi. A ƙarƙashi na shimfiɗa sautin garin, wanda wani ɗan'uwansu ya naɗo mana daga Agadas, na rana daban na dare daban.

Fitowa ɗaya ce ta gagara, wadda suke rabon kuɗin biki da tsakar dare gardama ta kaure. A wurin ɗauka faɗan ya zama na gaske, suna katse juna, wani yana dariya cikin fushi. Mun gwada ɗaya bayan ɗaya, mun gwada a tare, duk abin ya fito kamar wasan kwaikwayon rediyo. Daraktan ya yanke shawarar a bar na asali da janaretansa, a sa fassara a ƙasa, na kuma goyi bayansa. Tun daga wannan aikin, duk mai shirin fita ɗaukar fim da ya nemi shawarata nakan ce masa da zarar an gama fitowa a kashe janareta, a ja 'yan wasa gefe tun jikinsu bai huce ba, su maimaita maganganunsu ga makirufo kaɗai, sa'an nan kowa ya yi shiru a naɗi minti guda na sautin wurin kafin a tashi.